Muryar Da Ba Ta Cikin Fim

Shafi na 14

Masu cika min waya da "Anti, ina Huseina?", ga ta nan na kawo muku. Sau uku ina ajiye shafin nan in tashi in sha ruwa kafin in iya gama shi. Wanda ya zo da niyyar dariya yau ya yi haƙuri.

*

Kwana tara ke nan da fitowar kashi na bakwai na Ragowar Duniya, kuma kwana tara ke nan shagon ɗinkin Huseina da ke Rumde bai huta da gardama ba. Sallah saura mako biyu, atamfofi sun taru har bakin ƙofa, amma duk matar da ta shigo, kafin ta ce a gwada ta sai ta fara ambaton Jalo.

Fim ɗin na Turawa ne, labarin duniyar da annoba ta cinye, garuruwa suka koma kufai, 'yan tsirarun da suka rage suna farautar juna. Faruk, yayan Huseina da take kira Hamma, shi ke fassara shi da Hausa a ɗakinsa na zaure. Shi kaɗai yake muryar kowa, maza da mata, har kare in ya yi haushi. Shi ya raɗa wa wani jibgegen Bature mai gemu suna Jalo, ƙanwar Jalon kuma Sabuwa, Jimeta kaf ta karɓa babu musu. A kashi na bakwai ne Sabuwa ta karye a ƙafa, Jalo ya goya ta kwana biyu, mahara suka taso, ya ajiye ta a gindin bishiya ya gudu.

"Ni fa ban ga laifin Jalo ba," in ji Surayya, wadda ta kawo ɗinki tun safe ta ƙi tafiya. "Ita ta ce ya tafi. Da kunnena na ji."

Zuhra mai lalle, maƙwabciyar shago, ta leƙo da yatsunta duk baƙi.

"Ta ce ya tafi, sai ya tafi? Yau in ƙanwarki ta ce ki tura ta Binuwai daga kan gada, sai ki tura?"

"Kwana biyu fa yana goye da ita!"

"Ya cika uku mana."

"Da ya tsaya, su biyun za a kashe. Wa zai kai wa uwarsu labari?"

"Wane labari? Ƙarya zai kai mata." Zuhra ta ƙarasa shigowa, ta manta da wadda take wa lalle. "Ni abin da na gani, tsoro ne ya kama shi, yana neman wanda zai ba shi izini. Yarinyar ta gani a idonsa, ta ba shi. Ita ta tausaya masa, shi bai tausaya mata ba."

"Ke Zuhra, a shagon lalle kowa jarumi ne."

Aka kwashe da dariya.

Huseina kuwa keken ɗinkinta kawai take takawa. Sau ɗaya ta kalli kashin nan, ba ta sake ba. Ita karayar ba ta dame ta ba, gudun ma bai dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne maganar da Sabuwa ta yi tana bai wa kyamara baya, da wata siririyar murya mai rawa:

"Hamma, tafi. Ka ce wa Dada na shiga motar baya."

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da mutanen daji suka shiga Mubi, Huseina da mahaifiyarsu Dada sun samu wuri a bayan wata tirela. Hassana, 'yar biyunta, an aike ta niƙa, Faruk ya koma nemo ta. Kwana shida suna zaune a tashar Jimeta suna leƙa duk motar da ta tsaya. Rana ta shida Faruk ya iso shi kaɗai. Ya ce a hanya sun samu motoci biyu, shi ya maƙale a ta gaba, ya tura Hassana ta baya, wata farar a-kori-kura, daga nan bai sake ganin motar ba. Ƙafafunsa duk sun fashe suna ruwa, amma ba wanda ya tambaye shi yadda wanda ya shigo mota yake fasa ƙafa. A ranar, murna da kuka sun hana kowa tunani.

Tun daga nan suke neman farar a-kori-kura. Babu sansanin 'yan gudun hijira da ba su taka ba, babu direban hanyar Mubi da Dada ba ta tsayar ba. Kuma har yau duk Sallah sai ta sayi atamfa biyu iri ɗaya, don a wurinta ba a yi wa 'yar biyu abu a bar ɗayar. Huseina ta gwada jikinta ta ɗinka biyu, ɗaya ta saka, ɗaya a ninke a sa a akwati. Na bana ma ga su can kan tebur, ba ta yanka ba tukuna.

Da ta ji maganar motar baya a fim, sai ta ce wa kanta ai Turawa ma suna da mota, suna da uwa, ƙila haka marubucin ya rubuta. Ta rufe zancen a ranta ta ɗora masa dutse.

Ana cikin haka Malama Fibi ta yi sallama. Turanci take koyarwa a wata sakandare a Damilu, ta zo karɓar rigarta.

"Kai! Har yanzu kuna kan Jalo? Ni na wuce wurin tuntuni, orijinal nake kallo."

"Yawwa, Malama, raba mana gardama," in ji Surayya. "Da Turancin me ta ce masa?"

"Wa?"

"Sabuwa mana. A gindin bishiya."

Fibi ta yi dariya. "Yarinyan? Bai ce komai ba fa."

"Kamar yaya?"

"Ko tari bai yi ba. Bari ku gani da idonku."

Ta ciro waya ta nemo wurin, matan suka haɗa kai a kanta. Ga bishiyar. Ga Sabuwa a zaune ta ba da baya, ga Jalo a tsaye kanta. Iska ce kawai take kaɗa ganye. Ya daɗe yana kallon ta, ya ja baya, ya juya ya ruga. A cikin su biyun ba wanda ya buɗe baki.

Keken Huseina ya tsaya.

"Motar fa?" ta tambaya.

"Wane mota?"

"Motar baya."

"Sista, babu mota a wurin. Mai ya ƙare a duniyansu tun kashi na biyu, kowa da ƙafa yake yawo."

"Wallahi ni ma na yi mamakin motar nan!" in ji Zuhra.

Surayya ta ja tsaki tana dariya. "Ai masu fassara haka suke, ba sa barin shiru. In aka yi shiru na minti ɗaya mutane sai su ce waya ta lalace. Huseina, ki gaya wa Hamma Faruk ya iya shirya zance. Ya sa ni kuka a banza, ya sa na ɓata da Zuhra a banza."

Huseina ta miƙe. Ba ta san ta ɗauki hijabinta ba sai da ta gan shi a jikinta.

"Ina za ki? Rigata fa?" in ji Fibi.

"Zuhra, ki duba min shagon."

*

Daga Rumde zuwa gidansu a Limawa ba nisa, amma ranar Huseina ji ta yi mai keke napep yana tafiya da gangan a hankali. Rana ta take, kwalta har ƙyalli take yi. Ita kuwa sanyi take ji.

Ɗakin Faruk na nan a zaure, bango duk ya manna masa kwalin ƙwai don kada ƙarar waje ta shiga aiki. Fanka a kashe, shi ma saboda ƙara. Yana zaune daga shi sai singileti, gumi na bin wuyansa, abin ji a kunne, hoton Jalo a tsaye cak a fuskar kwamfuta. Kwana tara mutane suna zaginsa a waya don ya ƙi sakin kashi na takwas.

Ta tura ƙofar ba sallama.

"Hamma, cire abin nan a kunnenka."

"Ke lafiya? Kin shigo min cikin ɗaukar murya."

"Na ga na Turancin."

Ya cire a hankali ya ajiye kan tebur.

"Yarinyar ba ta ce komai ba, Hamma."

"Ai kin san aikin." Ya yi wani murmushi da bai zauna a fuskarsa ba. "Wurin shiru dole a cika. In na bar shi haka, gobe a ce ban iya Turanci ba."

"Sai ka cika da motar baya?"

"Abin da ya zo bakina ke nan."

"Daga ina ya zo?"

Ya ɗauki abin jin, ya sake ajiyewa.

"Hamma Faruk, daga ina ya zo bakinka?"

Ya kalli ƙofa, ya kalli kwamfuta, ya kalli ƙafafunsa. Mutumin da ke iya yin muryar mutum ashirin a zama ɗaya ya rasa tasa. Da ƙyar ta fito.

"Ban san na faɗa ba. Wallahi ban sani ba. Na ga bishiyar, na ga bayanta, sai na ji bakina yana tafiya. Ban saurara ba na tura wa masu shago. Sai da na ji ana kunna shi a bakin titi."

Huseina ta ja da baya. Ta zauna a ƙasa kan ledar ɗakin.

"Babu a-kori-kura ke nan."

"Babu."

"Ba ta taɓa shiga mota ba."

"Ba mu ga mota ba, Huseina. Da na same ta wurin niƙa an riga an tare hanya. Daji muka bi da mutane. Rana ta biyu ta zame a wani kwazazzabo, ƙafar ta karye daga nan." Ya nuna idon sawunsa. "Mutanen suka wuce. Na goya ta. Na goya ta har bayana ya daina jin nauyi. Ba ruwa, ba komai, robar garin da ta niƙo ce kawai a hannunta ta ƙi yar da ita, wai Dada za ta yi faɗa."

Huseina ta toshe bakinta da hijabi.

"Sai muka ji babura. Da yawa. Akwai wata tsamiya kusa da wani ƙauye, na ajiye ta in huta numfashi ɗaya. Ƙarar tana matsowa. Na sunkuya in sake ɗaukar ta, hannuna ya ƙi."

"Sai ta ce ka tafi."

"Sai ta ce in tafi."

Huseina ta ɗago ta dube shi sosai. Tun suna yara take ganin girmansa, shi ya tsaya musu bayan rasuwar Baba, shi ya saya mata keken ɗinki. Ba ta son tambayar da ke bakinta, amma tambayar ta fi ƙarfinta.

"Ita ta faɗa, ko kai ka sa mata a baki kamar yadda ka sa wa ta fim?"

Ya kawar da kai.

"Hamma."

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba?"

"Na rantse da Allah ban sani ba!" Hawaye suka zubo masa, bai share ba. "Shekara goma sha ɗaya kullum sai na maimaita wurin nan a kaina. Wani lokaci in ji ta ce, Hamma tafi. Wani lokaci in ji ta ce, Hamma kada ka tafi. Wani lokaci ba ta ce komai ba, kallona kawai take. Na maimaita har na kasa raba wanda ya faru da wanda na shirya. Shekarata goma sha tara, Huseina. In da akwai wanda zai kunna min na gaskiyar in gani, da na ba shi idona ɗaya."

Ta so ta zage shi. Ta so ta shaƙe wuyan singiletin nan ta girgiza shi. Ta nemi fushin a jikinta ta rasa inda ya shiga, sai wata irin gajiya da ta danne ta. Ɗazu Zuhra da Surayya suna ta yanke wa Jalo hukunci cikin sauƙi, ga shi yanzu a gabanta yana kuka, ta rasa ko da rabin hukunci.

"Dada fa?" ta ce. "Ka san sau nawa ta tsayar da farar mota a titi? Ka san kaya nawa ne a akwatin nan?"

"Kada ki gaya mata. Don Allah. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

"To ni tawa ta ɗauka?"

"Ku rage murya, kwalin ƙwan nan ba ya tare komai in ƙofa a buɗe take."

Suka juya tare.

Dada ce a bakin ƙofa, dafe da bango, ƙaramar wayarta a hannu. Idonta ya yi rauni 'yan shekarun nan, ba ta kallon fim, sai dai Faruk ya zuba mata fassararsa a waya ta kara a kunne. Sai yanzu Huseina ta tuna: kwana tara ke nan duk azahar tana tarar da ita a kan tabarma, waya a kunne, ido a rufe. Ta ɗauka wa'azi take ji.

"Dada..." Faruk ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Zauna." Ta shigo, ta laluba gefen katifa ta zauna. Muryarta ko rawa ba ta yi. "Tun ranar farko na gane. Kai kana ganin muryar Baturiya ka yi? Muryar 'yata ce. Haka take kiran ka in tana jin tsoro. Ni na haife ku duka, ba zan ɓata ba."

"Me ya sa ba ki ce komai ba, Dada?" in ji Huseina.

"In ce me? Shekara goma sha ɗaya ban ji ta ba, an kawo min ita a waya. Na ji tsoron in na yi magana ya goge." Ta juya wayar a tafin hannunta. "Kuma ina jiran kashi na gaba. Na ce ƙila a can zai faɗa min sauran."

A waje wata mai gyaɗa tana ta talla.

"Faruk."

"Na'am, Dada."

"Ya koma?"

"A fim ɗin... ya koma. Ya same ta da rai. Shi ya sa na kasa yin sa."

"Ni ban san fim ba. Kai nake tambaya."

Ya miƙe, ya ciro mukulli daga aljihu, ya buɗe durowar da ke ƙarƙashin kwamfuta. Ya zaro wata baƙar leda da aka naɗe sau da yawa, ya warware ta.

Ɗankwali ne. Shuɗi mai zanen ganye, ya koɗe. Huseina ba ta buƙaci a gaya mata ba, atamfar Babbar Sallar shekarar ce, irinsa sak yana ƙasan jakarta har yau.

"Na kwana a cikin duwatsu. Da gari ya waye na koma. Ba ta nan. Babu jini, babu komai. Robar garin ma babu. Wannan kawai na tarar, a ɗaure a reshen tsamiyar."

Dada ta karɓa. Ta shafa shi, ta kai hancinta, ta bi gefensa da yatsa.

"A ɗaure ka ce?"

"A ɗaure."

"A ƙasa ko a sama?"

"A sama. Sai da na miƙa hannu."

"Mai karyayyar ƙafa ba ta kai wa reshen sama," in ji Dada a hankali. "Wani ya ɗaga ta, ko wani ya ɗaura mata."

Huseina ta juya ga Faruk. "Shekara goma sha ɗaya muna bin mota, Hamma. Da ka faɗa tun lokacin, da ƙauyen muka bi. Da mun tambayi mutanen wurin."

"In na nuna ɗankwalin dole in faɗi inda na samo shi," ya ce. "Na kasa. Kullum sai in ce gobe."

Dada ta ninke ɗankwalin gida huɗu, ta sa a ƙirjinta cikin riga. Ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Huseina, ɗauko min mayafina da takalmi."

"Ina za ki, Dada? Da ranar nan?"

"Tashi, Faruk. Ka kai ni."

Ya rarrafo ya riƙe ƙafarta. "Dada, ƙauyen babu shi. Tun shekarar aka ƙone shi, mutanen sun watse, ba wanda ya koma. Na bincika a ɓoye, sau biyu ina zuwa. Babu ko mutum ɗaya da za ki tambaya."

Ta dube shi daga sama, da idon nan da ba ya gani sosai.

"Ban ce ka kai ni ƙauye ba," ta ce. "Tsamiyar na ce ka kai ni."